Rigimar Masunci da Ayu: Mu Ma Mutanen Birni da Hannunmu a Ciki

Duk wanda ya ji an ce ɗan cikin birnin Kano zai yi rubutu a kan masunta da namun ruwa, mai yiwuwa ya yi dariya ya ce, "Ina ruwan biri da gada?" Gaskiya ne ba mu da teku. Daga Ƙofar Nassarawa zuwa bakin teku a Ikko, watau Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma ruwan da muka buɗe ido muka gani a cikin ganuwa bai wuce Jakara da 'yan kududdufai ba, su ma yawancinsu an cike su an yi gini. Amma fa bandar da ake sa mana a miya daga Baga da Yawuri da Haɗeja da Nguru take zuwa, kifin sanyi kuwa daga teku. Haka kuma akwai wani mai da ake sayarwa cikin 'yan kwalabe a kasuwanninmu, wanda ake kira man ayu. Saboda waɗannan abubuwa biyu nake ganin rigimar da ake yi tsakanin masunta da dabbobin ruwan da hukuma ta hana kashewa ta shafe mu ƙwarai. Ra'ayina kuwa shi ne, dokar da ta kare waɗannan dabbobi ta yi daidai, amma ba adalci ba ne a ɗora wa masunci shi kaɗai nauyinta, alhali kuwa gwamnati da mu masu saye muna gefe muna kallo.

Da yawa daga cikinmu mun san sunan ayu, amma kaɗan ne suka san kamanninsa. Waɗansu suna zaton kifi ne, waɗansu kuma suna cewa aljanin ruwa ne mai rabin jikin mutum. To, ayu dabba ce mai shayar da nono kamar saniya. A ruwa yake zaune, amma iska yake shaƙa, don haka tilas ya riƙa leƙo da hancinsa sama bayan 'yan mintoci. Babbansa yakan kai tsawon mita 3 ko fiye, nauyinsa kuma yakan kusa kilo 500. Ciyawar ruwa ce babban abincinsa, kuma masana sun ce giwa tana cikin danginsa na kusa. Ana samun irin namu na Afirka a bakin teku tun daga Senegal har Angola, sa'an nan yakan bi manyan koguna ya shigo can cikin ƙasa. Yana cikin Kogin Kwara har ƙasar Mali, yana cikin Binuwai, akwai shi kuma a tafkin Pandam na Jihar Filato. Ba ya cizo, ba ya tunkuyi, ba shi da ƙaho balle farce mai kaifi. Duk da haka shi da masunci ba sa ga maciji.

Kafin mu yanke wa masunci hukunci, ya kamata mu saurari kukansa, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Jarin masunci gaba ɗaya bai wuce jirginsa da taru da birgi da mamari ba. Sau da yawa ma tarun ba da kuɗinsa ya saya ba, wani ɗan kasuwar kifi ne ya ba shi bashi, da sharaɗin duk abin da ya kamo shi zai sayar wa, a kan farashin da mai bashi ya ga dama. Sai ya kafa tarunsa da yamma, da asuba ya zo ya tarar ayu ya faɗa ciki, ya yi ta birgima har ya yayyaga shi. Wani lokaci kuma ayu yakan bi taru yana tsotse kifin da ya maƙale, ya bar wa mai taru kai da ƙaya. Idan ruwa ya yi ambaliya, yakan shiga fadama ya ci shinkafa. A dare ɗaya mutum ya yi asarar kayan sana'arsa, ga bashi, ga iyali suna jiran cefane. In kuwa ayun ya mutu a cikin tarun, ga tulin nama da mai a gabansa wanda zai biya bashin har ya yi saura. Sai doka ta zo ta ce kada ya taɓa. Wanene a cikin iyayenmu 'yan kasuwa zai ji daɗi a ce wata dabba ta shiga rumfarsa a Kurmi ko Kwari ta ɓata kaya, sa'an nan a ce ba shi da ikon ko ɗaga mata sanda, kuma ba wanda zai biya shi?

Al'amarin dorina ya fi wannan muni, domin ita ban da dukiya har rai take ɗauka. Dorina takan fito da dare ta ci ciyawa kimanin kilo 40, in ta sami gonar shinkafa kuwa ta sami gaba ta kai ta. Mai ɗa a cikinsu ba ta haƙuri da jirgin da ya matso kusa, sai ta kifar da shi. A shekarar 2017 mutanen yankin Ayoru, a bakin Kwara cikin Jamhuriyar Nijar, sun kashe dorina aƙalla 27 cikin 'yan watanni, saboda ɓarnar da suka ce tana yi musu a gonaki da dabbobi. A shekarar 2024 kuma, a Yawuri ta Jihar Kebbi, dorina ta kashe wani masunci. Manoma da masunta suka yi makonni suna farautarta, har suka kashe ta tare da ɗanta, aka raba nama, gari ya ɗauki murna. Mutanen da ke noma a bakin madatsar ruwa ta Daɗin Kowa a Jihar Gombe su ma sun daɗe suna kuka da ita. Wanda bai taɓa tuƙa kwalekwale da dare yana jin gurnanin dorina a bayansa ba, bai kamata ya yi saurin kiran waɗannan mutane marasa tausayi ba.

To, in haka ne, me ya sa na ce doka ta yi daidai? Dalili na farko lissafi ne wanda ko ɗan aji ɗaya zai iya yi. Tarwaɗa guda takan zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya. Ayu kuwa macen takan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda tak, ta yi ta shayar da shi har wajen shekara biyu kafin ta sake haihuwa. Watau in an kashe uwa ɗaya, an kashe ta da ɗan da ke bin ta, da duk waɗanda za ta haifa nan gaba. Masana sun ƙiyasta cewa manyan ayun Afirka da suka rage ba su kai 10,000 ba, a duk faɗin ƙasashen nan da na ambata. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya fi wannan adadi ɗaukar mutane. Shi ya sa a shekarar 1985 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11, wadda ta sa ayu cikin jerin dabbobin da aka haramta farautarsu da cinikinsu. A 2016 aka yi wa dokar gyara aka ƙara yawan tara. A 2013 kuma, a wani taron ƙasashen duniya da aka yi a birnin Bangkok, aka sa ayun Afirka a sahun farko na dabbobin da aka hana fataucinsu tsakanin ƙasa da ƙasa.

Kada wani ya ce ai dabba ba ta ƙarewa. Ayu yana da wani babban ɗan'uwa da ya taɓa zama a tekun Bering mai sanyi, gabas da ƙasar Rasha, wanda tsawonsa yakan kai mita 8. A shekarar 1741 wani masani Bajamushe mai suna Steller ya gan shi ya ba da labarinsa. Da matuƙa jiragen ruwa da mafarauta suka ji yana da nama da kitse, kuma ba ya gudu ba ya faɗa, sai suka far masa. Zuwa 1768 ba ko ɗaya da ya rage a bayan ƙasa. Shekara 27 kacal ke nan, watau bai kai shekarun auren waɗansu iyayenmu ba. Yau duk kuɗin duniya ba zai dawo da shi ba. Taru in ya yage ana ɗinke shi ko a sayi sabo, amma irin dabba in ya ƙare ya ƙare ke nan.

Dalili na biyu shi ne, ko da an kashe ayu na ƙarshe da dorina ta ƙarshe gobe, masunci ba zai fita daga talauci ba, domin ba su ne suka rage kifi a ruwa ba. Kakannin Sarkawa sun zauna da waɗannan dabbobi ɗaruruwan shekaru, ayu ya fi na yau yawa, kifi ma ya fi na yau yawa. Abin da ya sauya shi ne ruwan kansa da yadda ake su a cikinsa. Masu su sun ƙaru. An shigo da taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko ɗan tsakon kifi. Waɗansu marasa tsoron Allah suna zuba maganin ƙwari irin su gamalin a ruwa, kifi ya taso a mace babba da yaro, duk da cewa dokar su ta 1992 ta haramta sa guba da nakiya a koguna da tafkuna. A bakin teku kuma manyan jirage masu jan taru sukan kutsa kusa da gaɓa, inda doka ta ce su bar mil 5 na farko ga masu ƙananan jirage. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Sa'an nan ciyawar bakin kogi da dorina ke ci an nome ta an shuka shinkafar rani. Dabba ta fito kiwo inda uwarta ta saba kiwo, ta tarar da gona. Ina za ta?

A nan ne hannunmu na farko ya shigo, mu Kanawa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Da su muke sha, da su ake noman rani a Kadawa da Kura, ba kuma wanda zai yi musun amfaninsu. Amma ruwan da aka tare a nan, shi ne a da yake malala ya cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina, inda kifi ke hayayyafa. Da ambaliyar ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masuntan can suka ji a jikinsu. Haka madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta ba ƙasa wutar lantarki, amma ta tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwansu, ta kuma datse wa ayu hanyar da yake bi yana hawa da sauka. Mu muka sha ruwa, muka kunna fitila, masunci da dabbar ruwa aka bar su suna faɗa a kan ɗan abin da ya saura.

Hannunmu na biyu ya fi na farko nauyi. Masunci ba ya shan man ayu. Sayarwa yake yi, domin akwai mai saye, mai sayen kuwa yawanci a birni yake. Kowa ya san masu tallar magani a mota da lasifika, da masu kasa kaya a bakin kasuwa, da waɗanda yanzu suke talla ta wayar hannu. Suna cewa man ayu yana maganin kaza da kaza, har da waɗansu abubuwan da kunya ba za ta bar ni in rubuta su a mujallar da iyayenmu za su karanta ba. Likitoci ba su tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kuma a yi tunani: dabbar da ba ta kai 10,000 ba a Afirka duka, yaya aka yi manta ya cika kwalabe a kowane gari? Abu biyu ne, ko dai man na jabu ne an cuci mai saye, ko kuwa na gaske ne an karya doka an kashe dabbar da ke gab da ƙarewa. Ko wanne ne, ba abin alfahari ba ne. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba daidai ba ne ma'aikacin gandun daji ya kama talaka a bakin kogi da mashi a hannu, alhali wanda kuɗinsa ya aike shi yana zaune cikin inuwa a birni ba mai ce masa uffan.

Na san wani zai ce, "Kai yaro, mutum fa ya fi dabba." Haka ne, ban musa ba. Dorinar da ta saba kashe mutane, lalle hukuma ta zo da gaggawa ta kawar da ita, kada a bar talakawa su yi makonni suna fama da ita da masu. Amma daraja mutum ba ta tsaya ga mutumin yau kaɗai ba, har da ɗansa da jikansa, waɗanda su ma suna da hakki a kogin nan. Bugu da ƙari, dabbobin suna yi wa masunci aikin da bai biya ba. Ayu yana cinye ciyawar da ke toshe hanyar jirgi, har ma a ƙasar Guyana ta Amurka ta Kudu an taɓa sa shi aikin share magudanan ruwa. Kashin dorina da na ayu kuma taki ne a ruwa, yana ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci.

To, mene ne mafita? Ba sai mun je nesa neman darasi ba. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, akwai wurin da ake kira Matan Fada. Duk shekara ba mai jefa koma a wurin sai ranar biki, kuma ba ɗan sanda ne ke gadinsa ba, umarnin Sarki ne da Sarkin Ruwa, jama'a kuma sun yarda domin nasu ne. Saboda an bar ruwan ya huta, ranar da aka buɗe shi ake fito da giwan ruwa wanda sai mutum biyu ko uku sun kama. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Ashe ke nan keɓe ruwa don ya huta ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Dokar da aka rubuta da Turanci a Ikko ko Abuja, masunci bai taɓa jin an karanta masa ita da harshensa ba, ba za ta yi ƙarfin maganar Sarkin Ruwan garinsu ba.

Akwai darasi na biyu a Kure, kusa da Yamai. Raƙuman dawa na wurin sun ragu har sun koma kimanin 50 a 1996, manoma kuma suna jin haushinsu don suna cin wake. Da aka ɗauki 'ya'yan ƙauyukan aikin yi wa baƙi jagora, aka taimaki mutane da rijiyoyi da ƙananan rance, sai suka zama su ne masu gadin dabbobin. Cikin shekara 20 da 'yan kai raƙuman dawan suka haura 600. Darasi na uku daga teku yake. Taru mai kama jatan lande yakan kashe kififiyar teku, sai aka ƙirƙiro wata ƙofa a jikin tarun wadda kififiya za ta fice, jatan lande kuwa ya wuce ciki. Amurka ta ce ba za ta sayi jatan lande daga ƙasar da jiragenta ba su sa ƙofar ba, jiragen Nijeriya ma suka sa. A lura da wannan da kyau: mai saye ne ya juya al'amarin. A jihar Florida ta Amurka kuma an tilasta wa masu jiragen inji rage gudu a inda ayu yake, ƙidayarsa ta tashi daga kimanin 1,300 a 1991 zuwa sama da 6,000 a 2017.

Saboda haka ga roƙona. Gwamnatocin jihohin da ke bakin Kwara da Binuwai su ware kuɗin biyan diyya, duk masuncin da ya saki ayu da rai a gaban Sarkin Ruwa da shaidu a ba shi sabon taru ba tare da jeka-ka-dawo ba. Kuɗin taru nawa ne in an gwada da abin da ake kashewa a biki ɗaya na hukuma? A zauna da sarakunan ruwa a keɓe wuraren da ayu da dorina suka fi zama, a bar musu ciyawar bakin ruwa kada a nome ta, a kuma ɗauki 'ya'yan masunta aikin gadi da albashi, tun da sun fi kowa sanin kogin. A fassara dokokin nan da Hausa da Nufanci da sauran harsunan bakin ruwa, a riƙa karanta su a rediyo. Masu sa guba a ruwa kuwa a hukunta su sosai, domin su ne abokan gaban masunci na gaskiya. Hukumomin Kano su ma su leƙa kasuwanni su ga abin da ake sayarwa da sunan magani.

Ku kuma iyayenmu maza da mata, ina roƙonku da girman Allah ku daina sayen man ayu. Mai ciwo ya tafi asibiti. Ranar da kwalbar nan ta rasa mai saye a Kano da Zariya da Sakkwato, ranar ce mafarauci zai ga ba riba ya jingine mashinsa. Mu ɗalibai kuma, cikinmu ne za a sami ma'aikatan gona da na gandun daji da alƙalai da 'yan majalisa na gobe. Idan muka je hutu mu faɗa wa na gida abin da muka sani, cikin ladabi, in kuma aiki ya kai ɗayanmu bakin kogi wata rana, ya tuna ya fara sauraron masunci kafin ya buɗe littafin doka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin masunci da abin da ke cikin ruwa, ya sa jikokinmu su ga ayu da idonsu, kada su ji shi a tatsuniya kawai. Amin.